Adashin Shafi

Gobe ɗaya ga wata, gobe za a fara zubi.
Ba na naira ba ne, in ji Barira, kowa ya cire hannu daga aljihu:
shafi ɗaya kullum, har kwana talatin,
wanda ya yi fashi, shi ke biyan shayin kowa.
Ita ce uwar adashi.
Ta rubuta sunayenmu a bayan takardar jarabawar 'yan aji huɗu,
mu shida, kan bencin Ɗan'iya mai shayi,
daf da Ƙofar Mata, inda warin baba ke tasowa daga marina.

Na shiga Sabon Gari na sayo littafi mai sittin,
da biro biyu, don ɗaya ya saba cin amanata.
Na share tebur, na kwashe ƙyallaye,
na ce wa keken ɗinki: daga isha'i, ba ni ba kai.
Sannan na jera abin da zan faɗa:
kududdufin unguwarmu da aka cike aka yi shaguna,
muryar Inna in tana ƙirga kwanuka,
daren da ruwa ya ci katangarmu,
mutumin da ya ba da ɗinki shekara uku bai dawo ba.
Ina kaiwa sha tara rijiya ta ƙafe.
Na sake jefa guga, na jawo laka.

Tasi'u dariya ya yi. Shi ba ya tanadi.
Yana jan Adaidaita daga Kurna zuwa Bata,
ya ce fasinja ke zuba masa labari kyauta,
nasa dai ya riƙe kunne da canji.
Malam Hashimu, tsohon ma'aikacin reluwe,
ya rubuta goma tun kafin a busa usur.
Barira ta ce a'a, ɗumame ba ya shiga adashin nan.
Ya ninke su ya cusa a hula yana gunaguni.

Sai aka zo ƙuri'a:
kowa da abokin karatu, mai duba shafinsa kafin barci.
Na tsoma hannu a kofin roba, na ɗauko Nafi'u.
Nafi'u!
Wanda bara, a gaban jama'a,
ya ce baitina rigar aro ce,
ta yi kyau, amma ba a jikina aka auna ta ba.
Ni tela aka gaya wa haka.
Wata goma sha ɗaya gaisuwarmu ɗaga hannu ce daga nesa.

Ɗazu bayan magariba sai ga shi bakin shago,
da gurasa a leda, ta sha ƙuli da mai.
Bai tayar da zancen bara ba, ni ma na bar shi kwance.
An ɗauke wuta. Ya haska takardata da waya,
yatsansa na bin layi kamar mai neman suna a jerin albashi,
ya tsaya kan mutumin da bai dawo ba.
Ya ce, wannan kaɗai ai kwana goma ne.
Me ya sa ya zaɓi shuɗi?
Bikin wa zai je? Wa ya fasa?
Muka ci gurasa, muka yi shiru.
Can ya ce shi ma gobe tana ba shi tsoro,
bai ƙara rubutu kwana uku a jere ba
tun rasuwar ƙanensa.
Ban ma san yana da ƙane ba.

Yanzu dare ya raba,
janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu.
Rigar tana nan a ƙusa, kafaɗunta sun koɗe.
Na sauko da ita, na shimfiɗa,
na sa tef kamar ba ni na yanka ta ba:
kafaɗa sha takwas, tsawo hamsin da biyu,
aljihun hagu ya fi zurfi, haka ya roƙa, ban tambayi dalili ba.
Na rubuta kwanan wata a saman shafi,
na bar sauran fari fat,
kada Barira ta ce na yi ɗumame.